Ihun da Na Yi a Bakin Tafkin Birmingham

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a majalisarmu ta bakin kasuwar kifi, har a wurin ɗaurin aure sai a ja ni gefe a ce, "Hedimasta, ya ƙasar Turawa?" Na lura kullum labarin ƙara tsawo yake yi a bakina, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, tun ban fara yi wa kaina ƙari ba.

'Yata Rabi ce ta gayyace ni. Tana karatun digiri na uku a Manchester, mijinta Mustafa yana aiki a wani asibiti a can. 'Yarsu ɗaya, Amira, shekararta goma sha uku, kuma rabona da ita tun tana 'yar shekara huɗu.

Daga Yauri na bi ta Kontagora zuwa Abuja. Motar ta yi faci sau biyu, na isa da ciwon baya da kumburin ƙafa. Jirgin sama kuwa ban ga abin tsoro a cikinsa ba, in ban da abincin da suka ba mu a 'yan ƙananan robobi kamar na wasan yara. A filin jirgin Manchester wani ma'aikaci ya tambaye ni wurin wa na zo da kuma yaushe zan koma. Shekara talatin da biyar ina koyar da Turanci, amma sai da ya maimaita sau uku kafin na gane, don mutanen garin nan haɗiye rabin magana suke yi. Can gaba aka buɗe jakata. Wata mata ta ɗaga ƙunshin kilishi ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce busasshe ne. Ta ce ko busasshe. Ta ɗaga busasshen kifi ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta mayar mini da abina. Ƙuli-ƙuli ne ya fi ba ta wahala, ta daɗe tana juya shi a hannu kafin ta yarda gyaɗa ce.

Su Rabi suna zaune a wata unguwa Whalley Range. Da mota ta tsaya na ga ƙaton gida mai hawa uku, na ce lallai Mustafa ya yi arziki. Rabi ta yi dariya ta ce, "Baba, flat ɗaya ne namu a sama, gidan iyali shida ne." Wata guda na yi ina hawa matakalar nan, ban san sunan maƙwabci ko ɗaya ba. In kun haɗu sai ya ɗan murmusa ya ce ana ruwa yau, ka ce ana ruwa, gaisuwa ta ƙare. Wani lokaci nakan bi Rabi a bas zuwa Oxford Road inda jami'arsu take, in zauna a saman bene ina kallon ɗalibai. Bas na bin bas kamar jerin tururuwa. A nan na haɗu da yaranmu na Kano da Zariya da suka zo karatu, suna ta durƙusa mini a gefen titi Turawa na kallo.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a gidan shi ne wani dogon allo da aka jingina a bayan ƙofa, ya fi ni tsayi, da wata baƙar riga ta roba rataye a banɗaki tana ɗigar ruwa. Na tambaya aka ce na Amira ne. Ranar Asabar suka kai ni wani tafki a wajen gari na gani da idona. Yaro zai tsaya a kan allon a tsakiyar ruwa, ya ɗago wani abu mai kama da fiffiken mazari, tsayinsa ya ninka na yaron, iska ta cika shi ta ja su da gudu. Su suna ce wa wasan windsurfing. Ni dai fiffike na riƙa ce wa abin har na baro ƙasar. Mahaifina masunci ne, a cikin kwale-kwale na yi wayo, amma ban taɓa ganin an tsaya a tsaye an yi tsere da iska ba. Amira ta sa rigar robar tun daga wuya har idon sawu, ta ɗaure kanta da hular da uwarta ta ɗinka mata, ta shiga ruwan da ni ko yatsa ban iya barinsa a ciki ba don sanyi.

Tana da gudu, wannan ko makaho ya ji ƙarar ruwa ya sani. Amma da aka jera su tsere, sai na ga kowa ya tafi ita tana baya. Ta riƙa kamo su ɗaya bayan ɗaya, kafin ta kai na gaba an gama. Sau uku ana yi, sau uku haka.

Da ta fito tana rawar sanyi, sai na yi mata irin wasan da kowane kaka yake yi wa jikarsa a gida. Na ce, "To, jikar masunta, ashe ke ce mai korar garke? In a Yauri ne da an ƙwace allon an ba akuya." A wurinmu sai ta rama, ta ce tsoho mai ran ƙarfe, a yi dariya a wuce. Ita kuwa Hausarta ta ji ce ba ta mayarwa ba, kuma ta ji sarai. Ta dube ni, ta ɗauki allonta ta nufi mota. Kwana biyu in na shigo falo sai ta tashi.

Rabi ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Baba, yaran nan ba su san wasan kakanni ba, komai serious suke ɗaukarsa. Kuma ka taɓa inda yake mata ciwo." Ashe akwai gasa a Birmingham ƙarshen mako mai zuwa, inda za a zaɓi yara shida da za a riƙa horarwa na musamman. Ƙawayenta biyu tun bara aka ɗauke su. Ta gaya wa uwarta in wannan karon ma a baya ta tashi, ta bar wasan ke nan. Matsalarta tashi ce kawai, wato farkon tsere. An taɓa bangaje ta a cunkoson layin tashi ta faɗa ruwa, fiffiken wani ya danne ta, tun ranar take ja da baya har sai kowa ya wuce.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka kama hanya, mu uku, don Mustafa yana aiki. Rabi ke tuƙi, allon yana ɗaure a saman mota. Ba mu yi nisa ba igiyar ta fara kuka kamar an taka kare, muka tsaya a wani babban wurin hutawar matafiya muka sake ɗauri. A nan na yi sallar la'asar a kan ciyawa a gefen manyan motoci, babu wanda ya ce mini kanzil. Rabi ta sayo kifi da soyayyen dankali. Kifin babba ne, amma kamar an wanke masa ɗanɗano da sabulu. Na ciro yajina daga aljihu na barbaɗa. Ina ji Amira ta miƙo takardar da aka naɗe mata kifi ba tare da ta kalle ni ba, na barbaɗa mata. Iyakar abin da ya haɗa mu ke nan a hanyar.

A Birmingham mun sauka a Balsall Heath, gidan wani Bitrus mutumin Kafanchan, wanda ya yi aiki tare da Mustafa kafin ya koma Birmingham. Kirista ne, amma kafin in tambaya ya nuna mini gabas, ya ajiye mini buta da sabuwar darduma. Matarsa Saratu ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ta ce, "Baba, ci da kwanciyar hankali, a wurin mahautan Pakistan na sayo naman." Na ba ta rabin kifin da na zo da shi, ta rungume ƙunshin kamar jariri. Unguwar ta fi ta su Rabi rai. Akwai masu sayar da kuɓewa da doya a bakin titi, ga Somalawa, ga Larabawa, mutane suna tsayawa su gaisa har da tambayar iyali. Ɗakin da aka ba ni na ɗansu ne, gadon gajere, ƙafafuna a waje suka kwana.

Asabar ranar horo ce, Lahadi gasa. Tafkin bai kai faɗin kogin Kwara a Yauri lokacin rani ba, amma iskarsa ba ta da alƙibla. Yara sun kai ashirin da biyar. Mai horar da su wata Baturiya ce mai furfura, Jo, muryarta kamar ta kwandastan mota. Na tsaya a bayan iyaye ina kasa kunne, Rabi tana cike mini abin da ya wuce ni.

Ta fara da cewa tsere ba a ruwa yake farawa ba, a bakin gaɓa yake farawa. Kowane yaro ya zo da wuri, ya haɗa kayansa da hannunsa, ya ja kowace igiya ya gani ko ta lalace, ya ci abinci, ya sha ruwa. Wani uba ya sunkuya zai ɗaure wa ɗansa fiffike, ta ce masa, "In ya kwance a tsakiyar ruwa kai za ka je ka ɗaure?" Mutumin ya miƙe yana sosa ƙeya. Sannan ta sa su zauna minti goma ba magana, suna kallon ruwa kawai, kowa ya faɗi daga ina iska take zuwa da kuma inda ta fi ƙarfi.

Daga nan ta zo kan tashi, a nan na gane wahalar abin. Layin tashi ba a zane yake ba. Jirgin alƙalai yana gefe ɗaya, wata jar tulluwar roba tana yawo a ɗaya gefen, layin yana tsakaninsu a cikin ƙwaƙwalwarka. Za a busa ƙaho saura minti uku, a sake busawa kowane minti, na huɗu shi ne tashi. Wanda ya haye kafin na huɗu, in bai koma ya sake hayewa ba, tserensa ya tashi a banza. Wanda ya tsaya baya kuma, fikafikan na gaba sun tare masa iska. Ga shi allon ba shi da birki. Jo ta ce kowa ya saita agogonsa da ƙahon farko, ya gwada ya ga daƙiƙa nawa yake ɗauka daga inda yake jira zuwa layi, ya maimaita har jikinsa ya haddace. Ta ce a nemi gurbi tun da saura, a riƙe shi, kada a bari maƙwabci ya matse ka.

Sai ta ce, don ka san kana kan layi, je ka kusa da jirgin alƙalai ka hango tulluwar, ka duba abin da yake daidai bayanta a gaɓa, itace ne ko gini. Duk lokacin da ka ga sun hau kan juna, kana kan layi. Ban san sanda na ce "Allahu akbar" ba. Haka mahaifina yake gane inda ya nutsar da tarkon kifinsa a tsakiyar kogi: ya daidaita wata giginya da ƙololuwar dutsen da ke bayanta, ya sa hannu ya jawo igiya.

Lokacin hutun rana na tarar da Amira ita kaɗai tana cin burodi mai sanyi. Na zauna nesa kaɗan. Na ba ta labarin giginyar da Turancina na makaranta, ina yi ina haɗawa da Hausa. Da na gama ta ce, "Kaka, ni ba na ganin komai a bayan buoy ɗin. Trees ne duka iri ɗaya." Na gane tulluwar take nufi, muka taka har daidai bayan jirgin alƙalai. Na ce ta bar kallon itatuwa, ta ɗaga ido sama da su. Akwai wani farin gida mai bututun hayaƙi biyu. Ta ce ta gani. Na kuma nuna mata yadda ruwa yake yin duhu yana tattarewa in iska mai ƙarfi na tafe, tun kafin ta iso jikin mutum. Wannan ta riga ta sani, amma ta bar ni na gama. Da yamma suka yi gwajin tashi ya fi sau goma. A na ƙarshe-ƙarshen na ga ta fara kutsawa cikin sahu.

Ranar Lahadi mun riga kowa zuwa. Ta haɗa kayanta, ta sami wata igiya ta fara cinyewa, ta canza. An ce tsere huɗu za a yi, a yafe wa kowa mafi muni a cikinsu. An kuma ce da zarar an busa ƙahon farko, iyaye su kama bakinsu. Na ji wannan da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Layin yana kusa da gaɓar da muke tsaye. Aka busa na farko, na biyu, na uku. Amira tana sahun gaba, ta sami gurbi mai kyau, tana riƙe da fiffike sako-sako tana duba agogo. Sai na hango ruwa ya yi baƙi daga dama, iska tana tahowa daidai inda take. Na ga kamar za ta sake jan jiki baya yadda ta saba. Muryar da na yi shekaru ina tara ɗalibai da ita a filin makaranta ta fito da kanta: "Amira! Yanzu! Tafi!"

Ta ja fiffike, iskar ta cika shi, allon ya yi tsalle. Sai bayan ta haye na ji ƙaho. Wani ɗan ƙaramin ƙaho ya biyo baya, aka ɗaga tuta a jirgin alƙalai. Ita ba ta waiwaya ba. Ta yi gaba ita kaɗai, ta zagaye tafkin, yara biyu kacal suka kamo ta. Ina ta murna ina gaya wa Bitrus, da ya zo kallo, jikata ce. Rabi ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, ta yi over. Tutar nan tata ce. Ba za a ƙirga ba."

Jo ta taho inda nake. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ne kakan? Iskar da ka gani gaskiya ce. Amma agogon a hannunta yake, ba a naka ba." Ta roƙe ni in koma bayan shinge. Ni da na kori iyaye daga bakin ajin jarrabawa ba sau ɗaya ba, yau ni aka kora. Na koma na zauna a kan wani benci, na tura hannuwa cikin aljihu. Sauri ya haifi nawa.

A tsere na biyu ban ce uffan ba. Na ga ta je kusa da jirgin alƙalai ta hango farin gidan, ta dawo ta tsaya. Wani yaro ya matso zai matse ta, ta yi masa tsawa da Turancin Manchester, ya kauce. Ƙaho na tashi tana hayewa. Ta zo ta biyar. A na uku ta zo ta huɗu. Muna jiran na huɗu wanda zai shafe laifina, sai iska ta ɗauke ɗif. Tafkin ya kwanta kamar man gyaɗa a faranti. Aka yi awa guda ana jira, yara suna zaune a kan allunansu, daga ƙarshe aka busa ƙaho aka ce an tashi. Tunda uku aka yi, babu wanda za a yafe. Da aka liƙa sakamako, sunanta ne na goma sha ɗaya. Rabi ta duba takardar ta ce ko ta goma ta zo a tseren farko, da tana cikin shidan.

Mun yi sallama da su Bitrus, Saratu ta cika mana kula da dambun kifi, muka kamo hanyar Manchester. Ina ta juya abin a raina. A gida babba ba ya ba yaro haƙuri da baki, sai dai ya saya masa tsire ko ya yi masa wasa, kowa ya gane. Amma na riga na ga inda wasa ya kai ni. Da muka tsaya shan mai Rabi ta fita, na juya baya na ce, "Amira, ni na ɓata miki. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana murza igiyar agogonta. Sannan ta yi magana da Turanci a hankali, yadda zan gane. Ta ce ta ji haushina sosai, kuma har yanzu tana ji. Ta ce amma ita ce ta ja fiffiken, agogonta ya nuna mata saura daƙiƙa uku, ta gani. Sai ta koma Hausa, tana lalubo kalmomin ɗaya-ɗaya: "Kaka, kullum bayan mutane nake gani. Yau na ga ruwa, babu kowa a gaba. Ban san haka yake ba." Ta ce tana so ta sake ganinsa, amma wannan karon a ƙirga mata.

Rabi ta dawo, ta dube ni ta dube ta, ta tayar da mota.

Sauran makonnina biyu a Manchester, Asabar biyu na raka ta tafkinsu. Ruwan sama ake yi duka biyun. Ta ce in tsaya a gaɓa in riƙe mata agogo na biyu, in rubuta daƙiƙa nawa ta makara a kowane gwaji, da sharaɗin ba zan buɗe baki ba sai ta fito. Ranar farko na rubuta tara, bakwai, takwas, huɗu. Ranar ƙarshe, ana gobe zan taso, takardar ta jiƙe har biro ya ƙi kamawa, sai na riƙa ɗaga mata yatsu daga inda nake. A gwajin ƙarshe na ɗaga yatsa ɗaya. Ta hango, ta girgiza kai, ta juya allon ta koma bayan layi.